Shekarar da Ban Juya Ba

Lahadi, da yamma

Auta ba ta kira ba.

Tun bayan azahar nake zaune gaban kwamfuta, na sa farar rigata mai faɗi don kada ta ce na rame. Lahadi ce ranarmu tun da aure ya kai ta nesa. Ita ta kawo mini wannan kwamfuta, tsohuwar ofishinsu ce, da babban gilashi da lasifika biyu, saboda kunnuwana sun daina jin waya. A waya muryarta kamar sauro ne a cikin gwangwani. A nan kuwa ina ganin bakinta, abin da kunne ya zubar ido ya tsince.

Yanzu tana asibiti. Ba zan rubuta sunan abin ba. Mijinta ya faɗa mini sau ɗaya, na gane, ya isa.

Na sha shayi da burodi. Rabin burodin yana nan.

Litinin, da safe

An ɗauke wuta kafin asuba, an dawo da ita. Na kunna kwamfuta, agogonta ya sake ɓacewa. Ya jima yana haka, duk sanda wuta ta tafi sai ya rikice. Yau ma har da sabon salo: ta tsaya a wani baƙin shafi mai rubutun Turanci, sai da na danna maɓallin da ta nema sannan ta wuce. Na gyara rana, na gyara wata, na gyara awa da minti.

Wannan ba ya damuna. Rayuwata ta aiki duk a gidan waya na yi ta, kuma aikin farko kowace safiya, kafin a buɗe taga, shi ne in ɗauki hatimi in juya kwanan wata da babban yatsa, in buga a farar takarda in duba. Da na yi ritaya babu abin da yatsan nan ya yi kewa kamarsa. To ga shi Allah ya ba ni na'urar da ke mance rana. In tashi da safe akwai mai jirana.

Kusa da hoton Auta akwai wata 'yar da'ira tana ta juyawa. Daga wajensu ne, ina ji.

Talata, da yamma

Ba ta kira ba. Da'irar tana juyawa.

Laraba, da hantsi

Gwiwa ta hana ni sauka. Bene ne mai hawa biyu, amma kwanan nan kamar ana ƙara masa matakala da dare. Na leƙa ta taga na ga masu wucewa, kowa da wayarsa a kunne, kowa yana da wanda yake ji.

Ina da lambar mijinta a 'yar wayata. Na ɗauka na ajiye. In na kira ba zan ji abin da zai ce ba. In kuma na ji fa?

Na share ɗaki. Na sake sharewa.

Alhamis, bayan la'asar

Tela ta hawo. Ita ce mai shagon ɗinki a ƙasan benen nan, mace mai faɗa da kirki a baki ɗaya. Ta shigo da tef a wuya, waya a hannu, tana haki. Ta san dokata, sai ta tsaya a gabana inda haske ke faɗa wa fuskarta.

Ta ce, "Baba, kana raye ashe! Surukinka ya kira ni har sau uku. Tun Litinin Auta take nemanka a kwamfuta, ba ka hau ba. Ta yi kuka, ta ce ka faɗi a banɗaki babu kowa."

Na ce, "Ni da nake zaune a gabanta kamar mai gadi?"

"To gadin me kake yi? Bari in kira su a tawa ka gan ta."

Ta kira. Ta miƙo mini wayar. Na kai ta nesa, na kawo ta kusa, na cire tabarau, na mayar. Fuskar Auta ba ta fi kan babban yatsana ba. Na ga wani abu yana motsi, na san baki ne, amma ban tsinci ko kalma ɗaya ba. Na dinga cewa "I, i, Alhamdu lillahi," kamar wawa. Tela ta karɓa ta saurara, sannan ta dube ni ta yi magana a hankali.

An sa rana. Alhamis, ba mai zuwa ba, ta bayanta. Da safe za su shiga da ita ɗakin tiyata.

Na tambayi Tela me kuma ta ce. Ta ce, "Cewa ta yi wai ka ci abinci?"

Asabar, da rana

Na sauka. Shagon mai gyaran kwamfuta yana bayan kantin magani, kowa Injiniya yake ce masa. Ƙaton mutum ne, kujerarsa ta san shi, shi ma ya san ta. Shi kaɗai ne a shagon, tsakanin tulin na'urorin mutane.

Ya ce, "A'a, Fosmasta da kansa! Yau wasiƙar wa ta ɓace?"

Na sha gaya masa ban taɓa zama fosmasta ba, akawun taga ne ni. Ba ya ji. Mu biyu ke nan marasa ji.

Na ba shi labari. Ya tambaye ni kwanan watan da take nunawa. Na ce daidai yake, da hannuna nake gyarawa kullum.

"Rana daidai?"

"Daidai."

"Wata?"

"Injiniya, kai za ka koya mini kwanan wata?"

"Shekara fa?"

Na juya na kama hanyar gida.

Na hawo da kyar na duba. Can a ƙarshen layi, ƙananan lambobi huɗu. Ta koma baya da nisa, shekarar da Auta take ajin ƙarshe a sakandare, uwarta tana raye, tana faɗan na cika gishiri. Kwana da kwanaki ina duban wurin ban gani ba. A hatimi, zoben rana kullum ake juya shi, na wata in wata ya ƙare, na shekara kuwa sau ɗaya, har tsatsa yake yi. Yatsana bai saba zuwa can ba, ido ma ya bi yatsa. Da, agogon awanni yake zubarwa ko kwana ɗaya. Wannan karon ya zubar da komai, ni kuma na mayar masa da abin da na saba.

Dama Injiniya ya ce in shekara ta yi nisa haka, na'urorin da ke can ba sa yarda su yi magana da tawa. Na gyara. Da'irar ta tsaya. Wani ɗan ɗigo kore ya fito.

Na daɗe ina kallon ɗigon.

Lahadi, da yamma

Ta kira.

Ta ɗaura ɗankwali har goshi, ba ta saba ba. Ban tambaya ba. Ta ce, "Baba, ka tsorata ni." Na ce laifin hatimi ne, na ba ta labari, ta yi dariya har ta riƙe gefen ƙirjinta. Na daina ba da dariya.

"Ka ci abinci?"

"Na ci."

"Me ka ci?"

"Abinci."

"Baba."

Ba mu daɗe ba. Mijinta ya leƙo ya gaishe ni, ya ce yanzu ba ta da ƙarfin jiran Lahadi ko wata rana tsayayya, duk sanda magani ya sake ta za su kira, ko da minti kaɗan ne. In bar kwamfutar a kunne.

Talata, gab da magariba

An ɗauke wuta da la'asar. Da aka dawo da ita, Tela ta ƙwala mini kira daga ƙasa, ban ji ba, sai ta buga bututun ruwa da almakashi kamar yadda muka shirya. Ma'ana suna nemana.

Baƙin shafi. Maɓalli. Jira. Rana. Wata. Shekara, wadda sai an gangara an gangara kafin a iso ta bana. Hannuna yana rawa, 'yar kibiyar da ke kan gilashi tana tsallake inda nake so, na zaɓi wata shekarar daban, na koma. Kafin kore ya fito, ta yi barci.

Mijinta ya rubuto: ta jira, ta gaji, sai wani lokacin.

Wani lokacin nawa ya rage kafin Alhamis ɗin can? Idan safiyar ranar aka ɗauke wuta fa?

Laraba, da hantsi

Injiniya ya ce batir ne. Wai a cikin kowace kwamfuta, a jikin babban allon da komai yake manne, akwai ɗan batir mai kamar kwabo, aikinsa kawai ya riƙe lokaci in babu wuta. Nawa ya mutu. Ya ciro sabo daga leda ya ɗora mini a tafin hannu. Ko nauyi babu.

"Kawo ta, Fosmasta. In na samu sarari, zuwa mako mai zuwa."

"Ba za ta kwana a waje ba. In an kira fa?"

"To ni da benenka sai dai a ɗauke ni da igiya. Kuma wa zai tsare mini shago?"

"Koya mini."

Ya dube ni, ya dubi hannuwana. Na ɓoye su a aljihu. Ya yi ajiyar zuciya, ya juyo da kujerarsa ya fuskance ni sosai, ya faɗa dalla-dalla. A zare waya daga bango. A kwance murfin gefe. A taɓa ƙarfen akwatin kafin a taɓa komai a ciki. Batirin yana zaune a ɗan gurbi, akwai ɗan harshen ƙarfe da ke riƙe shi, a tura harshen gefe zai yi tsalle. Kada a zaƙulo shi da ƙarfe, a nemi roba. Sabon kuma gefen da ke da rubutu shi ne sama.

"Aikin minti biyar ne," in ji shi. "Ko jikata za ta iya."

Ya ba ni aron sukundireba, ya ce in na ɓatar da ita zai kai ƙara gidan waya.

Alhamis, da safe

Saura mako.

Na buɗe. Ƙura kamar audugar katifa. Na haska tocila na duba kusurwa kusurwa, ban ga kwabo ba. Wayoyi, fanka, ƙananan gidaje jere kamar gari daga sama. Sai da na kwantar da akwatin a kan tebur, na sa kumatuna a bakinsa, sannan na hango gefensa yana ƙyalli. Yana ƙarƙashin wani dogon kati mai fankarsa, wanda aka soke a jikin allon. Tsakaninsu ko ɗan yatsa ba ya shiga.

Minti biyar.

Na rufe, na mayar da waya, na gyara rana, wata, shekara. Ba su kira ba.

Juma'a, da yamma

Na riƙe cokali a gaban taga in ga ko hannun zai tsaya cak. Bai tsaya ba.

Asabar, da rana

Injiniya ya ce, "Af, irin wannan ce? Wanda ya ƙera ta ba ya son mutane." Dole a cire katin. Noti ɗaya ne ya riƙe shi a baya, sannan a ƙarshen ramin da yake ciki akwai ɗan makulli na roba, a danna shi, a ja katin sama a miƙe, ba a karkace ba.

Na kwance notin. Makullin yana can ƙarƙashin fanka inda ido ba ya gani, sai lalube. Na laluba, na danna wani abu, na ja. Bai motsa ba. Na ƙara ƙarfi, hannu ya zame, bakin ƙarfe ya yanke ni a yatsa. Jini ya ɗiga a kan tebur, Allah ya sa ba a ciki ba.

Na zauna. Na yi tunanin in na karya katin nan, ba agogo kaɗai zan rasa ba, fuskar gaba ɗaya ce. Gobe Lahadi. Na mayar da noti, na rufe.

Na gaji irin gajiyar da barci ba ya ɗauka.

Lahadi, bayan azahar

Ta kira, muryarta ƙasa ƙasa, amma bakin yana nan. Na ɓoye yatsan a ƙarƙashin tebur.

Ta ce likita ya zana mata a takarda. Abin ba babba ba ne, wurin da ya zauna ne matsattse, sai sun ɗaga wani abu kafin su kai gare shi. Ta faɗa kamar tana ba ni kwatancen kasuwa.

Na ce, "Suna da haske mai kyau dai ko?"

Ta ce, "Baba, wace irin tambaya ce wannan?"

Ban san me ya sa na yi ta ba.

Ta ce tana so ta gan ni ranar da safe, kafin su tura gadon. Na ce ina nan. Ta ce, "Ka yi alkawari." Na yi.

Ta manta ba ta tambaye ni ko na ci abinci ba. Wannan ya fi komai tsaya mini.

Litinin, da yamma

Wuta ta tafi sau biyu yau. Sau biyu na gyara. Yatsan ya daina jin daɗin aikin.

Talata, bayan azahar

Na buga bututu da cokali. Tela ta hawo tana mita, wai tana da kayan mutane a kan keke.

Na ce, "Tocila kawai za ki riƙe mini."

"Ni da kayan wuta ba ma shiri, Baba."

"Ga wayar can a ƙasa, na zare."

Ta riƙe. Da haske daga gefe sai na ga makullin, ashe ba inda nake dannawa ba ne, yana gaba kaɗan, fari. Yatsana bai kai ba. Na tuna matajin marigayiya matata, mai doguwar wutsiya ta roba, yana cikin aljihun madubi inda ta bar shi. Ban taɓa buɗe aljihun ba sai yau. Akwai sauran gashi biyu ko uku a haƙoransa. Na bar su.

Na zura wutsiyar na danna. Na ji ƙas a hannuna, ba a kunne ba. Na kama katin da hannu biyu na ja sama, ya fito kamar haƙorin da ya gaji. Ga kwabo a fili.

Tela ta ce, "Wannan ɗan abin ne ya hana mu sakat?"

Na tura harshen ƙarfen da mataji. Sau da yawa wutsiyar tana zamewa. Tela ta ajiye mita, ta sa hannunta ɗaya ta riƙe mini wuyan hannu. Batirin ya yi tsalle ya faɗa cikin ƙura. Na ɗora sabon, rubutu a sama, na danna da babban yatsa. Wannan dannawar dai na iya ta. Ya zauna.

Wajen mayar da kati notin ya kuɓuce mini ya shige ƙarƙashin wayoyi. Na ce shi ke nan. Tela ta ce, "Shi ke nan a gidan wa?" Ta ciro ɗan maganaɗisun da take tsince allurai daga aljihu, ta ɗaura a zare ta zura, ta fito da shi yana lilo.

"Kada ka gaya wa Injiniya," in ji ta. "Zai ce na kashe masa kasuwa."

Na rufe. Na kunna. Baƙin shafin ya sake fitowa, sannan na tuna Injiniya ya ce sau ɗaya za ta ƙara tambaya. Na ba ta rana, wata, shekara, awa.

Tela ta leƙa kicin kafin ta sauka. Ta dawo ta ce tukunyata ta fi shagon Injiniya ƙura. An jima ta sake hawowa da kanta, da kwano a rufe.

Laraba, da safe

Na kashe ta, na zare waya daga bango da gangan. Na zauna na sha shayi har ya huce. Na mayar.

Laraba. Watan nan. Bana.

Na sake yi da rana don in tabbata. Tsohon batirin yana kan tebur, na rasa inda zan jefa shi. Shekara da shekaru yana ƙirga lokaci a cikin duhu, ba wanda ya san yana nan.

Alhamis, da hantsi

An ɗauke wuta bayan asuba. Na zauna da farar riga a gaban gilashi baƙi, ina ganin fuskata a ciki. Ban yi addu'a mai tsawo ba, kalma ɗaya nake ta maimaitawa. Rana ta fito, ta hau bangon maƙwabta. Sai fankar sama ta motsa.

Na danna. Ba baƙin shafi. Kore. Ban gama gyara zama ba hotonta ya cika gilashin.

Sun sa mata hula mai kamar leda. Ta ce, "Ka zo."

Na ce, "Ina zan je?"

Na manta na ɗaga hannu, ta ga filasta. Dole na faɗa mata. Ta ce, "Kai da kanka ka buɗe ta? Da wannan hannun?" Na ce da matajin uwarki. Ta rufe ido, ta buɗe. Na ce mata wurin matsattse ne ƙwarai, amma da aka samu mai riƙe haske da mai riƙe hannu, ya fito. Ta gane. Ta ce, "To."

Na yi mata addu'a da ƙarfi, ban san ko na cika ɗaga murya ba, na ga wata nas ta waiwayo. Sannan silin ya fara tafiya, fitila bayan fitila, mijinta ya juyo da wayar ya ce, "Baba, sun shiga."

Alhamis, bayan la'asar

Shiru.

Juma'a, da safe

Mijinta ya rubuto jiya da magariba: sun fito, ba ta farka ba tukuna, a ci gaba da addu'a.

Na tashi na zo zan gyara kwanan wata. Babu abin gyarawa. Na zauna da yatsana a kan tebur.

Asabar, da yamma

Sun kira. Mijinta ne, idanunsa sun faɗa. Ya ce ta buɗe ido ɗazu, amma kada in tsorata da abin da zan gani. Ya juya wayar.

Ba zan rubuta abin da na gani ba. Ita ce dai.

Ya ce, "Ga Baba." Idonta ya nemo ni a hankali. Leɓɓanta suka motsa. Mijin ya sunkuya ya kai kunnensa, ya ɗago ya ce, "Baba, muryar ba ta fita, ban ji me ta ce ba."

Na ce, "Matsar da kanka, kana tare mini."

Ya matsa. Ta sake.

Na ce, "Na ci. Wallahi na ci, Tela ce ta kawo. Ga kwanon."

Na ɗaga shi ta gani.